Ranar da Na Sa Mashayan Romi a Kulle

Tun da na dawo daga ƙetaren kogi ban huta ba. In na zauna a majalisa, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Har mai shayin bakin layinmu, wanda bai taɓa tambayata lafiyar iyali ba, yanzu sai ya riƙe kofina ya ce, "Baba Tanimu, tsakaninka da Allah, ka ɗanɗana?" To na gaji. Ga labarin nan na rubuta da hannuna, rubutun yaƙi da jahilci, ajin ma ban gama ba, don malamin ya gaji da ni kafin in gaji da shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura. Amsar mai shayi kuma tana can ƙarshe, sai ya yi haƙuri.

Kowa a Rigasa ya san ni da saƙar zana. Abin da yara ba su sani ba shi ne, da ƙuruciya na yi aikin ɗaukar dila a masaƙa a Kakuri. Can na haɗu da Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, muka kama ɗaki ɗaya a Nasarawa. Shi yana ce mini Liman, don kullum sai ya shure ni da ƙafa nake tashi sallar asuba. Ni ina ce masa Fasto, don ranar Lahadi daga coci gidan burukutu yake zarcewa, ni ne mai ɗauko shi. Daga baya masaƙa ta mutu, rikici ya zo ya raba garin, mu muka yo arewa da kogi, su suka yi kudu. Sai zumuncin ya koma waya: ya gaishe ni da Sallah, in gaishe shi da Kirsimeti, kowa ya ce wa ɗan'uwansa yana nan tafe, ba mai zuwa.

Ran nan sai ga waya daga matarsa Rifkatu, daga unguwar Romi inda suke zaune yanzu. Ni na riƙe mata akwati ranar aurenta, don haka har yau Amarya nake ce mata, ko da yake jikokinta sun fi nawa yawa. Ta ce, "Malam, abokinka ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya hana a faɗa maka. Ni nake riƙe gidan da burukutu. Yanzu kuma ƙaramar hukuma ta kawo doka, ba a shan giya a bakin titi. Duk mai sayarwa ya kewaye wurinsa yadda wanda ke kan titi ba zai ga ana sha ba. Ranar Litinin za su zagayo. Wanda bai kewaye ba, a kwashe tukwanensa a rufe wurin. Bulo ya fi ƙarfina. Sai na tuna da kai."

Da na gaya wa uwargidana Kande, ta ajiye muciya ta dube ni. "A tsufanka za ka je ka yi wa gidan giya shinge?"

Na ce, "Ni ba gina shi zan yi ba, ɓoye shi zan yi. Idon Musulmi nawa zan tsare? Lada ma zan samu."

Ta ce, "In ka samo ladan ka kawo in gani." Amma ita ce ta ƙulla mini daddawa da kuka ta ce in kai wa Rifkatu.

Na yi shatar akori-kurar wani Ibo mai suna Oga Chidi, muka loda naɗin zana da dirkoki da igiya da dagina da laujena. Abin da bai gaya mini ba, ya ɗauki wani fasinja a baya, akuyar wata mata da zai sauke a Kakuri. Ni kuma na ce a baya zan zauna in tsare kayana. Daga Rigasa har Bakin Ruwa ni da akuyar nan muna kokawa, ina ja tana ci. In na kare gefen dama ta koma hagu. Ban taɓa ganin mai son aikina irinta ba.

Da muka doso gada sai gabana ya faɗi. Ku da kuke dariya, yaushe rabonku da ƙetarawa? Na cire hulata na cusa a aljihu, na tura carbi cikin wando. Oga Chidi ya hango ni ta madubi, ya leƙo ya ce, "Baba, abeg mayar da hula. Wannan sanƙo naka yana kashe mini ido, zan faɗa ruwa." Na mayar.

A bakin gadar akwai 'yan sanda. Ɗaya ya zo ya soki zana da bakin bindiga, ya ce, "Baba, ina zuwa da ciyawa?"

Ni kuma ban iya ƙarya ba sai na shirya mata. Na ce, "Romi, gidan burukutu."

Ya dubi gemuna, ya dubi hula, ya dubi carbin da ya leƙo ta ƙugu. Sai ya kira ɗan'uwansa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka yi dariya har ɗayan ya dafa mota. Ya ce, "Wuce, Alhaji. A dai sha a hankali." Iyakar ke nan. Kogin kuwa yana nan yadda na bar shi, ja wur, mata na wanki a gefe.

Nasarawa ta cika ta batse, ban gane layin ɗakinmu ba. Muka sauke akuya a Kakuri, ta bi ni da kallo da ciyawata a baki. Muka nufi Romi. A bakin layin su Bitrus mota ta tsaya, don layin ba ya shiguwa. Ruwan sama ya ƙwaƙule shi shekara da shekaru har ya zama kamar kwazazzabo, gidaje suna sama, titi yana ƙasa, kowa ya sassaƙa matakala zuwa ƙofarsa. Wasu dattawa da ke zaune gindin mangwaro suka ajiye ƙoƙunansu suka sauko suka ɗauki kayana a ka, ba wanda ya roƙe su.

A gindin mangwaron nan na tarar da Bitrus cikin kujerar roba, hannu ɗaya a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Bakinsa ya karkace. Ya kalle ni, sannan ya ce, a hankali, kalma na jan kalma, "Liman. Wa yake tashinka asuba yanzu?"

Na ce, "Fitsari, Fasto. Ya fi ka cika alkawari."

Ya yi dariya da rabin fuska, ɗaya rabin yana hawaye. Ni kuma na ce hayaƙin murhun Amarya ne ya shiga idona.

Masauki ɗakin ɗansu ne da ke aikin soja. Rifkatu ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ajiye buta sabuwa da takardar kanti a jikinta, ta nuna mini gabas da muciya. Ta kawo zakara da wuƙa ta ce, "Yanka da kanka, kada ka koma ka ce mun ba ka mushe." Tukunyar da ta dafa mini ma aro ta yi a gidan wata Bayarabiya Musulma. Na ci gwaten acca da yakuwa har na kasa tanƙwarawa. Abin da ya dame ni kawai aladen maƙwabta, wanda ya ɗauki tagata wurin hira.

Washegari kafin in fara aiki na zauna na kalli yadda suke yi. Mu a nan, wanda zai yi abin da bai dace ba lungu yake nema. Su kuwa a fili suke zama kan benci, fuskarsu ga titi. Rifkatu in ta ɗebo a ƙoƙo sai ta fara kurɓa a gaban mai saye kafin ta miƙa. Duk wanda ya gifta, ko an san shi ko ba a san shi ba, sai an ɗaga masa ƙoƙo an ce, "Zo ka taɓa!" Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ya gode, ko ya hawo. Kuma kowa, mai sha da marar sha, har matan zumuntar coci masu ɗaurin ɗankwali iri ɗaya, sai ya ɗaga murya ya ce, "Baba Bitrus, ya jiki?" Wannan gaisuwar ita ce abincinsa. Na gani da idona, amma kaina na ɗan dako bai ɗauka ba.

Na tashi na yi aiki irin wanda ban taɓa yi ba. Na kafa dirkoki, na ɗaura zana ninki biyu, tsawonta ya wuce hannun mutum in ya miƙa. Ƙofar kuma na yi mata lanƙwasa, ka shiga ka yi dama ka yi hagu, irin wadda nake yi wa malamai masu tsananin kulle. Ko ƙadangare sai ya yi sallama. Na ja da baya ina kallo, na ce wa Rifkatu, "Amarya, ko gwamna ya zo ba zai ga komai ba." Ta yi ta godiya har da durƙusawa.

Ranar Asabar ta dafa tukwane cike. Masu sha suka fara zuwa. Sai mutum ya hawo matakala, ya tsaya, ya leƙa lanƙwasar ƙofa, ya tafa hannu kamar mai neman izini, ya juya. Wani ya shiga ya fito da sauri kamar an biyo shi. Rana ta take, benci wayam.

Mutum ɗaya ne ya zauna, Kofur Yakubu, tsohon soja, babban kwastomanta tun tana amarya ta gaske. Ya riƙe ƙoƙo ya kasa kai wa baki. Ya dubi zana ta gabas, ya dubi ta yamma, ya ce, "Malam, kai ka yi wannan?"

Na gyara hula na ce ni ne.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Ko a bariki ba mu da gadurum na kulle soja irin wannan. Saura ka kawo mana lulluɓi."

Na ce, "Ai doka ce, Kofur."

Ya ajiye ƙoƙon. "Bari in gaya maka. A wurinmu mutum biyu ne ke sha a ɓoye, marowaci da mai mugun nufi. In aka ga na shige lungu da abokina, gobe cikinsa ya murɗa, za a ce na sa masa abu. Don me kake gani Mama take fara kurɓa? Don kowa ya shaida. To a nan wa zai shaida? Ciyawa? Kuma in ban ga mai wucewa na kira shi ba, me na zo yi? Da sai in sayi giyar leda in sha a bayi kamar yaran yanzu." Ya tashi ya fita, ya yi hagu inda ya kamata ya yi dama, ya yi karo da dirka, ya zage ta da Turancin soja.

Burukutu kuwa ba ta jira. In ta kwana ta wuce, ta yi tsami, sai aladu. Rifkatu ta tsaya kan tukwanenta ta rafka tagumi. Dawar da ta jiƙa, itacen da ta ƙona, maganin Bitrus na sati, duk suna cikin tukwanen nan. Bitrus kuma yana zaune a inda ya saba, amma yanzu fuskarsa na kallon ciyawa. Yana jin takun mutane a ƙasa, ba mai cewa ya jiki, don ba mai ganinsa. Aka kawo abinci ya kau da kai. Na matsa kusa, ya ce, "Liman, ka binne ni da kyau."

Ban taɓa jin kunyar gwanintata ba sai ranar. In an bar zana, kasuwa ta mutu. In an cire, hukuma ta rufe. Na ce ko in huda tagogi? Rifkatu ta shiga ɗakina ta ɗauko laujena, ta aika aka kirawo Kofur. Ta zaunar da shi a benci ta ce, "Miƙe wuya." Ta auna daidai haɓarsa, ta yi alama da gawayi a jikin zana. Ta miƙo mini laujen ta ce, "Yanke daga nan. Kai a waje, ƙoƙo a ciki. Mai son kurɓa ya sunkuya."

Na ce, "Amarya, gamba ce fa ta gaske, ninki biyu."

Ta ce, "Malam, ko ka yanke ko in yanke."

Na yanke. Kowane sara kamar a jikina. Ƙofar malamai ma na warware ta, ta koma ƙofar mutane.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na sauka titi don in ga abin da na yi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don dariya. Kawuna ne jere a kan zana kamar kabewa a kan rufin ɗaki, wani da hula, wani da sanƙo irin nawa. Sai ka ga kai ɗaya ya nutse, ya ɗan jima, ya ɓullo yana lasar baki. Wannan ya nutse, wancan ya ɓullo. Kofur ya hango wani ya daka masa kira, "Zo ka taɓa!" amma hannunsa a ƙasa, don Rifkatu ta ce duk wanda ya ɗaga ƙoƙo sama da zana ya sha na ƙarshe. A tsakiya ga kan Bitrus, an sa masa filo ya ƙara tsawo, ana ta "Baba, ya jiki?" yana amsawa da rabin baki. Tukwane suka ƙare kafin la'asar.

Sai dai akwai magana. Ma'aikatan da ke zagayen su biyu ne, wani gajere, wani kuma dogo wanda unguwar ke kira Falwaya. A gefen gidajen akwai 'yar hanyar ƙafa a sama, daidai da tsakar gidan. In gajeren ne ya biyo ta, sai ya yi ɗage kafin ya ga wani abu. In Falwaya ne, har ƙasan tukunya zai gani. Rifkatu ta ce za ta yi addu'a, ni ma in yi tawa, wadda ta riga isa shi ke nan. Na ce ni ban san yadda zan fara roƙon Allah a kan wannan ba. Na dai roƙa wa Bitrus abin da ya fi alheri, na bar sauran bayanin.

Litinin da hantsi sai ga Falwaya, shi kaɗai, ta hanyar sama.

Yaro ne da bai wuce sa'an ɗana ba, da riga mai ruwan ƙasa da takalmi yana ƙyalli. Ya tsaya a jikin zana, tsawonta iya cikinsa. Ya leƙo. Kofur na sunkuye da ƙoƙo a baki, ya daskare a haka, ba ya iya haɗiyewa ba ya iya tofarwa.

Falwaya ya gaida Bitrus da "Baba, ya jiki?" Ya gaishe ni. Sannan ya ce, "Mama, wannan ne shingen?"

Ta ce, "Shi ne, ɗana."

Ya ce, "Mama, kada ki ɗauka ƙinku muke yi. Makarantar firamare na ƙarshen layin nan. Kwanaki a wata unguwa wani ya sha ya tuɓe a gaban yara, wani kuma ya fito da kwalba a hannu ya faɗa gaban keke. Iyaye mata ne suka cika mana ofis, ba malamai ba, ba fastoci ba. Ni ma uwata da wannan sana'ar ta biya mini makaranta. Amma an aiko ni."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Ni dai ina tsaye da lauje a hannu kamar wanda aka kama a gonar wani.

Falwaya ya dubi Bitrus, ya dubi filon da aka sa masa, ya dubi sauran zanar da na yanke tana jingine a bango. Sai ya juya ya ce, "Wai nan da nake tsaye, titi ne?"

Kofur ya haɗiye da ƙyar ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, nan bakin gida ne. Titi yana ƙasa."

Falwaya ya tattare wando, ya bi matakala ya sauka cikin kwazazzabon nan, takalminsa mai ƙyalli ya nutse a taɓo. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai. Ya matsa gaba, ya dawo baya. Ya ce, "An ce wanda ke kan titi kada ya ga ana sha. Ni daga titi kawuna nake gani. Ba a aiko ni kama kai ba."

Rifkatu ta zauna daɓas a kan turmi.

Bai hawo ba sai da ya gindaya mata sharaɗi, da ƙarfi don kowa ya ji: ba yaro a ciki, ba mai fita da ƙoƙo, lokacin tashin makaranta kowa ya riƙe bakinsa, wanda ya fara tangaɗi a raka shi gida ta baya. Ya ce zai riƙa biyowa, ranar da ya ga ƙoƙo sama da zana, shi da kansa zai ɗauki tukunya. Kofur ya ƙame ya sara masa. Sannan Falwaya ya nuna ni. "Baba mai zana, ranar da muka cike titin nan, ka dawo ka ƙara tsawo."

Kofur ya ce, "Ashe Malam ya yi sallama da Romi ke nan har abada." Har Falwaya sai da ya yi dariya, yana kankare taɓo da tsinke.

Da zan taho, Rifkatu ta cika mini buhu da acca da citta ta ce na Kande ne, kada in sayar a hanya. Bitrus ya kama rigata da hannunsa mai rai. Ya ce, "Liman, zanar nan, shekara nawa take yi?"

Na ce, "Wannan? Ninki biyu ce. In gara ta yi mutunci, za ta daɗe."

Ya ɓata rabin fuskar da ke motsi. Ya ce, "Wa ya ce ka yi mai kyau?"

Sai na zagaya bayan zana, wajen da ruwan indararo ke zuba, na sassauta igiyar dirka biyu. Na dawo na ce, "Fasto, na duba da kyau. Ba za ta wuce daminar bana ba."

Ya ce, "Yauwa. Dama na san aikinka."

To mai shayi, ga amsarka. Ban ɗanɗana ba. Ko da na so ma ba hali, don Rifkatu ta ce in na kuskura na taɓa ƙoƙo ita da kanta za ta buga wa Kande waya. Kunun zaƙi na sha a sabon kofi. Warin da kuka ji a rigata na hayaƙi ne da na Kofur, wanda ya rungume ni sau biyu. Kande ta tambaye ni ladan da na ce zan samo, na miƙa mata buhun acca, ta ce wannan na Rifkatu ne, nawa fa? Na ce yana can, sai na koma.

Gamba na riga na sa a yanko mini. Duk wanda bai yarda da labarina ba, ruwa na ɗaukewa ya shirya, akwai wuri a bayan motar Oga Chidi. Shi zai zauna kusa da akuya.